Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limamai Da Masu Unguwannin Kano: A Sauke Wa Uban Amarya Kaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamanmu, Allah ya ja zamanin iyayenmu dagatai da masu unguwanni. Bayan gaisuwa da ban girma irin wadda ta dace da ku, ina neman izini in yi magana a gabanku, ko da yake ban kai zama a majalisarku ba. Ni kafinta ne. Gado nake yi, da sif, da madubi, da kujeru, kuma mafi yawan abin da ke fita daga shagona ɗakin amare yake tafiya. Ke nan abin da zan yi ƙorafi a kansa shi ne abincina. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ce ɗan baƙin ciki ne ya rubuto.

Ku na zaɓa ban zaɓi gwamnati ba, saboda da wuya a ɗaura aure a garin nan ba tare da ɗayanku ya zauna a kan tabarmar ba. Liman ne ke tambayar waliyyi da wakili, shi ke tambayar sadaki nawa ne, lakadan ne ko ajalan. Mai unguwa kuwa shi ake kai wa goro da alawa, kuma ƙofarsa ake fara bugawa ranar da auren ya rikice.

Duk sa'ad da aka ta da maganar tsadar aure, lefe ake kamawa. A huɗuba lefe, a rediyo lefe, samari a Facebook lefe. Ban musa ba, lefe ya yi nauyi: saitin akwatuna, turamen atamfa daga Kantin Kwari, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, kayan shafa, sarƙa da ɗankunne, ga kuɗin gaisuwar iyaye da kayan sa rana tun kafin a kai ga nan. Amma saurayi yana da baki. Yana iya cewa a ɗaga masa zuwa bayan Sallah, yana iya fasawa ya nemi wata, gobe ya fito majalisa ana raha da shi. Wanda ba shi da baki shi ne uban yarinya. In ya ce a ɗaga, a ce yana wasa da auren 'yarsa. In ya ce ba shi da hali, matarsa ce za ta kasa shiga mata. Shi ya sa ba ku jin kukansa. A shagon kafinta yake yin sa, ko a gaban dillalin filaye.

Bari in gaya muku yadda yake zuwa. Da farko shi kaɗai yake zuwa, da hantsi, kamar wanda ya biyo hanya. Ya shafa gado, ya tambayi kuɗi, ya ce "to, madalla", ya fita. Bayan kwana biyu sai ya dawo da uwar yarinya da wata ƙanwarta. Ƙanwar nan ita ke riƙe da waya. Sai ta miƙo mini hoto ta ce, "Malam, irin wannan muke so, irin na 'yar gidan wance." In duba in ga ɗan Turkiyya ne, wanda kuɗinsa ya fi albashin mutumin na shekara. In ce ana iya kwaikwayonsa da katakon gida, amma ga abin da zai ci. Uban ya cire hula, ya share goshi, ya mayar. Ba ya cewa ya yi tsada a gaban mata. Sai sun yi gaba ya dawo da baya ya rage murya: "Don Allah a yi mini yadda zai fito a ido, cikin kuwa a sassauta." Ya ajiye kafin alƙalami, sauran ya ce sai an biya shi kuɗin fili, ko sai an fitar da garatuti, ko sai ya ɗauki adashi. Na ga wanda babur ɗin da yake zuwa aiki da shi ya sayar, ya koma hawa adaidaita. Na ga wanda ya jinginar da gonar gado. Akwai waɗanda har 'yar ta haihu ta yaye ba su gama biyana ba, kuma wallahi ba mutanen banza ba ne, in sun hango ni a masallaci sai su canza sahu don kunya.

Ranar kafi kuma ni nake zuwa da yarana mu ɗaura kaya, don haka ina ganin abin da ango ya tanada. Sau da yawa fenti ne kawai, sai ƙwan lantarki. Ya kama gida mai falo biyu da ɗakuna uku saboda a ce ya isa, alhali ko tsintsiya bai saka ba. Cika gidan aikin surukinsa ne: gado da katifa, sif, kujeru, labule, kafet, talabijin, firji, tukunyar gas, tukwane, kuloli, faranti, har bokitin banɗaki da abin kwashe shara. Muna cikin ɗaure ƙusa sai ga dangin ango mata sun zo ganin ɗaki. Wata ta ƙwanƙwasa ƙofar sif da yatsa don ta ji ko katakon kirki ne. Wata ta zauna a kujera ta miƙe ta sake zama, tana gwada soso. Wata ta leƙa ɗaki na uku ta ga babu komai ta ce, "Au, nan ba su samu kaiwa ba?" Dangin amarya suna jere a kicin suna ji, ba mai ɗaga kai. Wannan kalma guda, ranku ya daɗe, yarinyar za ta yi shekaru ana yi mata gori da ita.

Ba a nan aka tsaya ba. Sai gara: buhunan shinkafa, fulawa, sukari, katan-katan na taliya da makaroni, jarkar man gyaɗa da ta manja, sannan alkaki, nakiya, dubulan, cincin. Wato mutum ya ba ka 'yarsa, ya cika maka gida, sannan ya ciyar da kai wata da watanni. In ta samu ciki na fari a dawo da ita gida goyon ciki, ta haihu, a yi wankan jego da itacen ubanta, a yi mata kunun kanwa da hatsinsa, in ta yi arba'in a mai da ita da wata garar. Mai 'ya'ya mata biyar sai ya yi wannan sau biyar. Shi ya sa za ku ji an yi wa mutum albishir da haihuwar mace, ya ce alhamdu lillahi, amma ka ga lissafi ya bayyana a fuskarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake karanta ayar da ta zargi wanda fuskarsa ke baƙi in an yi masa bushara da 'ya mace.

Allah ya gafarta malam, ku kuka karantar da mu, ba ni zan karantar da ku ba. Daga bakinku muka ji cewa ciyarwa da tufatarwa da wurin zama a wuyan miji suke. Daga bakinku muka ji cewa mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne, wato zinariya da ta ɗan haura giram 1, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya guda. Ku kuka gaya mana abin da aka kai Nana Faɗima da shi gidan Sayyidina Aliyu: bargo, da salkar ruwa, da matashin kai na fata. A zauren da nake ɗaukar karatu bayan magariba, da aka zo babin aure a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Halil, malam ya karanta mana cewa mace za ta yi wa kanta kayan ɗaki gwargwadon al'ada da abin da ta karɓa na sadaki. Ya ƙara da cewa masu sharhi sun ce ba a tilasta mata fiye da haka, sai in an yi sharaɗi ko al'ada ta gudana a kai. To ga inda gizo ke saƙar. Sadakin da ake sanarwa a ƙofar gida yau sau da yawa ko katifa mai kyau ba zai saya ba, sauran duk al'ada ce ta ɗora. Al'ada kuwa ba daga sama ta sauko ba. Mutane suka yi ta, kuma in manyan gari suka juya mata baya, faɗuwa take.

Ba ma haka ta faro ba. Kakanninmu da ƙorai da tasoshi aka kai su, da tabarma da 'yar tukunya. Iyayenmu mata suka zo zamanin gadon ƙarfe mai rumfa da jeren kwanuka, samira da fanteka har rufin ɗaki. Uwa takan fara tari tun yarinya tana ƙarama, kwano ɗaya yau, ɗaya gobe, ta tura ƙarƙashin gado. Kuma mu faɗi gaskiya, da kuɗin tallar yarinyar ake yawan sayensu. Har gobe in kuka tsayar da uwar da ke ɗora wa 'yarta tallar goro ko awara a lokacin da sa'o'inta ke aji, kuka tambaye ta dalili, amsar da za ta fara ba ku ita ce, "Da me zan yi mata kayan ɗaki?" Muna ta wa'azi a kan talla da abin da take jawo wa 'yan mata a tasha da bakin kasuwa, amma mun bar abin da ke tura su. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu kuma abin ya haɗu da zamani. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Dala ta haura naira 1,500 a 2024, buhun shinkafa ya wuce naira dubu 80. Allon da muke aiki da shi, da soso, da yadin kujera, da fenti, da hannun sif, yawancinsu ko dai daga waje suke ko da kayan waje ake yin su, duk suka bi dala. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira dubu 71 ne. Ku ɗauki alƙalami ku lissafa wata nawa ƙaramin ma'aikaci zai yi bai ci ba bai sha ba kafin ya cika falo da ɗaki da kicin. Kiɗa ya canza, rawar ce muka ƙi canzawa.

Gwamnati ma ta san inda ciwon yake. Da aka fara auren zawarawa a 2012 a ƙarƙashin Hukumar Hisba, da ma'aurata 100 aka buɗe. A watan Oktoban 2023 aka aurar da mata 1,800 a lokaci guda, aka ware wa shirin sama da naira miliyan 800. Sadakin kowace naira dubu 50 ne. Ku raba kuɗin ku gani: kowane aure ya tashi sama da naira dubu 400, ke nan sadaki ɗan ƙaramin yanki ne. Ina sauran suka tafi? Akasari gado, katifa, kayan sawa, kayan abinci da ɗan jari. Waɗannan mata suna da manema, abin da ya tsare su shi ne abin da za a zuba a ɗaki. Allah ya saka wa waɗanda suka yi da alheri, amma gwamnati ba za ta iya yi wa kowace 'yar Kano gado ba, kuma bai kamata sai an yi layi a ofis kafin talaka ya aurar da 'yarsa ba.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce kayan ɗaki dukiyar yarinya ce, ita ce mutuncinta a gidan miji, in rana ta ɓaci ta ɗaga wani abu ta sayar, in aure ya mutu ta fito da abinta. A zamanin tasa da tagulla haka ne. Amma ku tambayi mai sana'ar. Allon zamani da ake yayi, mai sheƙi a ido, garin katako ne aka matse da gam. In ruwa ya taɓa shi kumbura yake, in aka kwance shi sau biyu ramin ƙusa ya buɗe, shi ke nan. Ni ake kira in kwance in aure ya mutu, wani lokaci fentin bai ma dushe ba. A loda a a-kori-kura, madubi ya tsage a hanya, a jibge a soron gidan uban, damina ɗaya ta wuce a kai. In dillaliya ta zo ko rabin kuɗin ba za ta taya ba. Uban kuwa har lokacin yana biyan bashin. In da gaske ana so a ba yarinya abin da zai tsaya mata, a saya mata ɗan gwal, ko keken ɗinki, ko tunkiya biyu, ko a biya mata kuɗin makaranta ta ƙarasa. Waɗannan ba sa kumbura.

Akwai kuma abin da na daɗe ina lura da shi, ku auna ku gani ko na yi kuskure. Namijin da ya tarar da gida a cike, bai san nawa ake sayar da cokali ba, "tafi gidanku" ba ta yi masa nauyi a baki. Ta kwashe kayanta, ya sake fenti, wani uban ya sake cika masa. Ban ce wannan ne kaɗai ke kashe aure a Kano ba, amma wanda ya yi gumi ya sayi gado yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki biro. Mu kafintoci kuwa kada a ji mana, ba za mu rasa ciniki ba. Gado dai dole a saya, sai dai mai kwana a kai ya biya, kuma daidai ƙarfinsa zai sa a yi masa.

In an yi maganar nan a majalisa sai maza su ce, "Ai harkar mata ce." Wannan fakewa ce. Gaskiya mata ke zuwa ganin ɗaki, su ke ƙirga buhunan gara, su ke riƙe da littafin biki da gudummawa, kuma uwar angon da ke taɓe baki bana ita ce uwar amaryar da ta yi kuka bara. Amma shinkafar garar wa ke ci? Wane ango ne ya taɓa mayar da ita ya ce ya yafe? Wane uban ango ne ya tara matan gidansa ya ce duk wadda ta je ta yi wa 'yar mutane gori ba da yawunsa ba? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dokoki kuwa an sha yi. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya ɗauko maganar dokar iyali, gari ya ɗauka, amma kusan duk gardamar ta ƙare a kan ƙarin aure. A 2025 Hukumar Tace Finafinai ta hana bikin da ake kira ranar ƙauyawa. Unguwanni da garuruwa da dama sun zauna sun rubuta takarda: akwati kaza, turmi kaza, ban da dina, ban da kiɗan dare. Takardar takan yi aiki har ranar da mai kuɗin unguwa ya tashi aurar da tasa 'yar. Ranar sai a ga motocin kaya sun toshe layi, liman ya zo ya ɗaura, mai unguwa ya zo ya sa albarka, ba wanda ya tuna da takarda. Talaka yana kallo. Gobe in aka karanta masa doka sai ya ce ashe don shi aka yi ta, kuma 'yarsa ba baiwa ba ce.

Saboda haka ba sabuwar doka nake roƙo ba. Abin da nake roƙo yana hannunku. Tun 2024 akwai dokar gwajin lafiya kafin aure a jihar nan, kuma mun ga limamai suna tambayar takardar asibiti kafin su ɗaura. Da farko an yi gunaguni, yanzu an fara sabawa. To a ƙara tambaya ɗaya. Yadda ake tambayar wakilin ango sadaki, a tambaye shi a gaban jama'a: me ango ya tanada a ɗaki? Sannan a tambaye shi: kun yafe gara? In ya ce sun yafe, maroƙi ko mai lasifika ya faɗa da ƙarfi yadda yake faɗin sadaki, kowa ya ji, labari ya shiga cikin gida. Abin da ke kashe uban yarinya kunya ce. Shi ba zai iya roƙon a yafe masa ba, amma in daga bakin dangin ango ta fito, a gaban liman, an wanke shi, kuma duk wadda ta zo da gori daga baya ta san maganar wakilinsu take ƙaryatawa. In an fi so a yi tun ranar sa rana, ya fi ma, don kafin a kai ga ɗaurin aure an riga an ci bashin.

Iyayenmu masu unguwanni, ku kuma ina roƙon ku sa baki a kan yawon ganin ɗaki da ganin lefe. A kai kaya, mutum biyu ko uku su karɓa, a rufe. Baza akwatuna a tsakar gida ana ɗaga turmi ɗaya-ɗaya, ana ɗauka a waya ana turawa duniya, shi ke haifar da hoton da ake miƙo mini a shago. In kuma ƙarar gori ta zo gabanku, kada a sallame ta da "ki yi haƙuri, zaman aure ke nan". A kira mijin da uwarsa a gaya musu abin da shari'a ta ɗora wa kowa.

Huɗubar Juma'a maza take samu, maganar kuwa a cikin gida ake yanke ta. Islamiyyun matan aure sun cika unguwanninmu, malamai mata suna da ƙima a wurinsu. Ku zauna da su, su ɗauki babin nan su karantar da shi da sunan abubuwan da aka sani, gara, jere, anko, ba a dunƙule ba.

Na bar mai wuyar a ƙarshe, ku gafarce ni. Ku fara da gidajenku. Ranar da limamin Juma'a zai aurar da ɗansa ya aika wa surukansa cewa ɗaki an gama shi, kada a kawo ko ƙwayar shinkafa, kuma aka ji haka a unguwa, ya yi abin da huɗuba goma ba za ta yi ba. Ranar da mai unguwa zai kai 'yarsa da gado da katifa da tukwanen girki kawai, ya fito ya zauna a ƙofar gidansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya buɗe wa mutum ɗari hanya. Mai hali in yana son ya yi wa 'yarsa alheri ba wanda ya hana shi, ya bari sai bayan biki ya kai mata a hankali, ba a jerin motoci ba.

Watannin Rajab da Sha'aban da bayan ƙaramar Sallah su ne lokacin da aure ya fi yawa a garin nan. Kowannenku ya san gidan marayu ko na gwauruwa a layinsa da aka sa wa 'yarsu rana, kuma ya san ba su da shi. Ku fara da wannan gidan. Ku kira wakilin angon tun yanzu, kafin uwar ta je ta ɗauki adashin da ba za ta iya zubawa ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙo.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Wani kafinta, uban 'ya'ya mata, daga cikin birnin Kano.